Injiniya da Masanin Yanayi a Zaure Ɗaya

A Jami'ar Michigan ta Amurka, masu nazarin yanayi da masu binciken sararin samaniya sashe ɗaya suke, kuma a ganina wannan haɗin ne ƙarfinsu. Daga can Farfesa Chris Ruf ya jagoranci aikin CYGNSS: ƙananan taurarin ɗan'adam takwas da NASA ta harba a Disamba 2016, masu auna ƙarfin iskar guguwar teku da siginar GPS da ke dawowa daga saman ruwa. Duk jami'ar da ta raba mai ƙera na'ura da mai fassara bayananta ta cuci ɗalibanta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.