Ganyen Kalgo a Rumbun Duniya

Rumbun GBIF, wanda gwamnatoci suka kafa a 2001 domin baje bayanan tsirrai da dabbobi kyauta a intanet, ya tara bayanai sama da biliyan biyu, sai dai tsuntsayen Turai da Arewacin Amurka ne suka cinye kaso mafi tsoka. Haɗin gwiwar zai fi armashi idan aka ba masanan gida hurumin gyara bayanan da ke cikin rumbun, domin busasshen ganyen kalgo da aka ɗebo a zamanin mulkin mallaka, aka manna a takarda a lambun Kew na Ingila, sau da yawa ba ya ɗauke da komai sai sunan ƙauye da Bature ya rubuta a karkace, wanda ɗan yankin ne kaɗai zai iya gane shi ya ɗora a taswira.