Zauren Uwargida: "Mama, Shida Ta Ƙi Fitowa!"

 Na san kin saba da wannan rigimar. Yara sun baje allon lido a tsakar gida, ba a jima ba sai kuka ya tashi: "Mama, Yaya maguɗi yake yi! Shi sai shida yake samu, ni kuwa har yanzu ban fito ba." Kafin ki tsawata wa babban, zo mu ɗan yi lissafi.

Ɗan lido fuska shida gare shi, don haka a kowace jifa damar samun shida ɗaya ce cikin shida. Wannan ba ya nufin wanda ya jefa sau shida dole ya samu. In yara uku suka jefa ɗan lido ɗaya sau shida-shida, a bisa lissafi kusan ɗaya daga cikinsu zai tashi bai ga shida ko sau ɗaya ba. Kin ga ke nan ƙaramin na iya yin ta jira ba tare da kowa ya cuce shi ba.

In da 'yan lido biyu ake wasan, hanyoyin faɗuwarsu 36 ne, wato shida sau shida. Shida biyu a tare hanya ɗaya tak gare ta cikin 36 ɗin. Samun shida a aƙalla ɗaya daga cikinsu kuwa hanyoyi 11 ne. Jimillar da ta fi yawan fitowa ita ce bakwai, domin hanyoyinta shida: ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu, sannan ki juya kowanne.

Wannan ilimi ya samo tushe ne a Faransa a 1654, lokacin da wasu masana lissafi biyu, Pascal da Fermat, suka riƙa musayar wasiƙu kan tambayoyin 'yan caca. Yau da shi kamfanonin inshora suke aiki.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne wayar da ke hannun ɗanki matashi. Wasannin sa kuɗi sun cika intanet, kuma tunani ɗaya ne yake jan yara ciki: "Na faɗi sau biyar, yanzu kam lokacina ne." Ɗan lido ba ya tuna jifar da ta wuce. Ko ya ƙi shida sau goma, damar jifa ta gaba tana nan ɗaya cikin shida.

Ga misali. A ce yaro yana sa naira 100 a kan shida, in ta fito a ba shi 500. Yana ganin riba. Amma a jifa shida ya zuba 600, abin da lissafi ya ce zai dawo masa kuwa 500 ne. Ɗarin da ta ɓace ita ce abincin mai wasan, kuma yadda ya daɗe yana yi, haka asarar take taruwa. Daga kuɗin tara sai a koma na cefane, daga nan sai bashi.

Ki gwada wannan a ƙarshen mako. Ki ba yara takarda da biro, su jefa ɗan lido sau 60, suna rubuta abin da ya fito. Kafin su fara, kowa ya faɗi hasashensa. Za su ga kowace lamba tana kewayen goma, wata ta haura, wata ta gaza. Sai ki tambayi babban: "In mutum ya sa ɗari a kowace jifa, nawa ya kashe, nawa ya samu?" Ki bar shi ya ƙirga da kansa. Abin da yaro ya gano da hannunsa ya fi zama a ransa fiye da faɗan da za ki yi masa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kin gwada, ki rubuto mana sau nawa shida ta fito a gidanki. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.