Heathcliff a Bakin Tafkin Kainji

Daga shekarar 2021 zuwa 2025 hukumar jarrabawa ta WAEC ta sanya littafin Wuthering Heights na Emily Bronte cikin waɗanda ɗaliban adabin Ingilishi za su nazarta. Na sha jin malamai suna ƙorafin cewa an ɗora wa yaranmu kayan da ba nasu ba, wai ina ruwan yaron Ngaski da tuddan Yorkshire na 1847? Ni dai ban yarda da wannan ƙorafi ba, kuma hujjata tana bakin Tafkin Kainji.

Mai karatu ya tuna yadda labarin ya faro. An tsinci Heathcliff a titin Liverpool yana ƙaramin yaro, yana magana da harshen da babu mai jin sa a gidan da aka kai shi. Catherine ta so shi so na haƙiƙa, amma ta auri Edgar Linton, domin a ganinta auren tsintacce zubar da daraja ne. A littafin Tess of the d'Urbervilles kuwa, wanda Thomas Hardy ya fitar a 1891, an nuna mana cewa Tess baki biyu gare ta: karin ƙauye a gida, Ingilishin makaranta a gaban manya. Abin da ya ja hankalina, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne lafazi ke fara tona asalin mutum a waɗannan littattafai, tun kafin a bincika aljihunsa. Hatta Charlotte Bronte, da ta sake buga littafin ƙanwarta a 1850, sai da ta sassauta karin Yorkshire na baran gidan, Joseph, don kada mutanen kudancin Ingila su kasa fahimta.

To, wa zai ce wannan baƙon abu ne a ƙasar Yauri? Mutanen da muke kira Gungawa, saboda zamansu a tsibiran Kwara, Reshe suke kiran kansu. Ga Kambari, ga Lopawa, ga Shangawa waɗanda harshensu ɗan dangin Mande ne, kuma masu jin sa sai raguwa suke yi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa har da tsohuwar Bussa, aka tayar da mutum wajen dubu 44 aka sake musu matsuguni. Wanda ya bar gungunsa ya sauka kusa da hanya da kasuwa, Hausa ta zame masa harshen ciniki da wa'azi, daga bisani har na neman aure.

Wata ɗalibata daga wajen Warra ta taɓa gaya mini cewa ba ta amsa wa kakarta da harshen gida muddin ƙawaye suna kusa. Na ba ta aron littafin Hardy. Da ta dawo da shi bayan mako biyu sai ta ce, "Malam, ban taɓa zaton Bature ya san irin wannan kunyar ba."

Ba wanke marubutan Ingila nake yi ba. A Jane Eyre, matar da aka auro daga Jamaika ita aka kulle a ɗakin sama, ba a ba ta bakin faɗin nata ba. Wannan ma abin tattaunawa ne a aji, da ba mu mayar da darasin adabi haddar sunayen taurari da jigo ba.

Marubutanmu ma da nasu kason. Littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun taɓo ratar mai kuɗi da talaka, kuma sun yi ƙoƙari. Sai dai masoyan duk Hausa ɗaya suke yi. Ratar asali da harshe, wadda ke sa uba ya hana 'yarsa saurayi don ya ji yadda ya gaishe shi, ita ce ke jiran mai alƙalami a Yelwa ko Shanga. Duk wanda ya ɗauki wannan aiki zai tsaya inda Charlotte ta tsaya: ko ya bar kakar ta yi magana da Reshe a kan shafi, ko ya mayar da ita Bakanuwa. Ni ina goyon bayan ya bar ta, ko da mai karatu a Kano zai ɗan sha wuya.