Memori Ta Cika, Amma Haƙƙin Wa Ke Ciki?

Duk wanda ya ratsa Kura ta titin Zariya, ko ya shiga garin Bunkure, zai ga rumfunan masu cajin waya, da yawansu da kwamfuta a kan tebur. Mutum ya miƙa memori, ya ba da 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa da waƙoƙi da wa'azi da fina-finai. Kafin dare ya raba wa abokai ta Xender ko Bluetooth, bai taɓa datarsa ba.

Ba ma ganin laifin wanda ya guji biyan kuɗin wata-wata a manhajojin sauraro. Manomin da ke wuni yana ban ruwa a gonar shinkafa a Kadawa, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, abin da ke cikin wayarsa kaɗai zai amfane shi. Ga tsadar data, musamman bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Bugu da ƙari, abin da ake yi a irin su Spotify haya ce a mizanin fiƙihu, ba saye ba: ranar da aka daina biya, abin da aka adana ya kulle. Son mutum ya mallaki abinsa a hannu ba aibi ba ne.

Hukuncin kiɗa kansa sananne ne ga ɗalibai. Jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi a wurin biki, Ibn Hazm da waɗansu suka saɓa musu, kuma kowa ya haɗu a kan haramcin waƙar batsa da cin mutunci. Ba wannan ne batunmu na yau ba. Ko da abin da aka tura waƙar bege ce, ko ƙasidar wa'azi marar kiɗa, tambaya ɗaya tana nan daram: mai ita ya yarda?

Mutanen wannan yanki sun fi kowa cancantar fahimtar tambayar. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Audu Baƙo, ruwa ke biyo magudanai har bakin gona. Amma wanda ya tashi da dare ya karkatar da shi a ranar da rabon maƙwabcinsa ne, babu mai cewa kyauta ya samu don ruwan ya zo da sauƙi. Za a ce ai ruwa yana raguwa, waƙa kuwa ko an kwafa sau dubu tana nan yadda take. Gaskiya ne, sai dai abin da ke raguwa shi ne guminsa. Ya biya kuɗin situdiyo, ya sallami 'yan amshi, ya kwana yana tsara baitoci, sannan wani da bai zuba ko sisi ba ya zauna a rumfa yana karɓar kuɗi a kan aikin.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na biyar a Kuwait, a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta ta ba. Asalin hukuncin yana cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna. Akwai malaman da suka sassauta ga mai kwafa don amfanin kansa, musamman a kan ilimi. Sassaucin bai kai ga mai sayarwa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma a nan ta tsaya. Wanda ya san yadda kasuwar faifan fina-finan Hausa ta Ƙofar Wambai ta kasance da, ya kuma san yadda turi ya taimaka wajen durƙusar da ita, ba ya buƙatar dogon bayani.

Hanyar halal kuwa ba ta yi ƙunci ba. Malamai da yawa sun saki karatuttukansu sadaka, shi ya sa tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi da na marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ke yawo hannu zuwa hannu har yau. Sha'irai da dama da kansu suke saka aikinsu a WhatsApp da Telegram don a ɗauka. Wanda ya sayi faifai ko kaset na asali yana iya juye shi a kwamfutarsa don kansa. Abin da mai shi ya sa wa farashi kuwa, a saya daga hannunsa ko wakilinsa. Sau ɗaya ake biya, ya zama naka.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kalmar nan ta "cika min". Mai cewa haka bai zaɓi komai ba, ya bar wa yaron rumfa zaɓi. A haka karatun Alƙur'ani ke kwana a memori ɗaya da bidiyon da uba ba zai iya kallo a gaban 'yarsa ba, kuma wayar nan ce ake miƙa wa yara da daddare, ita ce amarya ke tarewa da ita.

Saboda haka muna kira ga masu tura waƙa, waɗanda mafi yawansu 'ya'yanmu ne da ke neman na kansu, su nemi izinin masu aiki ko su yi yarjejeniyar kaso da su, su kuma daina zuba wa mutum abin da bai ambata ba. Kwamitocin masallatan Juma'a na Kura da Bunkure da Garun Malam kuma suna iya ajiye kwamfuta ɗaya da karatuttukan da aka tabbatar masu su sun yarda, a sa ɗalibi ɗaya ya riƙa tura wa jama'a bayan an sauko daga salla.