Delhi zuwa Tashkent: Yadda rikicin Indiya da Pakistan ya nisanta birane biyu

A kan taswira, tazarar da ke tsakanin filin jirgin saman Indira Gandhi na birnin Delhi a Indiya da na Tashkent, babban birnin Uzbekistan, kimanin kilomita 1,600 ce, tafiyar da jirgi ke yi cikin sa'o'i uku ko ƙasa da haka. Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa ta sararin samaniyar Pakistan, kuma nan ne gizo ke saƙa.

A ranar 22 ga Afrilun 2025, 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a Pahalgam, a ɓangaren Kashmir da Indiya ke iko da shi. Indiya ta ɗora alhakin harin a kan Pakistan, ita kuwa ta musanta. Bayan kwana biyu, Pakistan ta rufe samaniyarta ga jiragen Indiya, Indiya ma ta mayar da martani a ƙarshen watan. An tsagaita wuta a ranar 10 ga Mayu, amma ƙasashen biyu suka ci gaba da sabunta haramcin wata bayan wata.

Tun daga lokacin, jirgin Indiya da ya nufi Tashkent daga Delhi sai ya fara yin kudu zuwa Tekun Larabawa, ya zagaye Pakistan, kana ya juyo arewa ta Iran. Ta gabas kuwa tsaunukan Himalaya sun tsare hanya. Wannan zagaye ya fi ƙarfin matsakaitan jiragen kamfanin IndiGo, wanda ya sa ya dakatar da zirga-zirgarsa daga Delhi zuwa Tashkent da Almaty.

Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta bai wa kowace ƙasa cikakken iko a kan samaniyarta. Saboda haka, nisan da fasinja ke biyan kuɗinsa ya dogara ne da izinin ƙasashen da ke kan hanya. Duk sa'ar da aka ƙara tana nufin ƙarin mai da ƙarin aikin matuƙa, wani lokacin ma a rage kaya domin jirgi ya iya ɗaukar man. A ƙarshe, ɗan kasuwa da ɗalibi da mai neman magani ne ke biyan bambancin.

Babu wadda ta tsira daga asara. Rahotanni sun ce kamfanin Air India ya ƙiyasta cewa rufewar za ta lashe masa kusan dala miliyan 600 a shekara. Pakistan ma ta yi asarar biliyoyin rupi na kuɗin da jirage ke biya idan sun ratsa samaniyarta. Masu cin gajiyar kuwa kamfanonin wasu ƙasashe ne, irin su Uzbekistan Airways, domin haramcin bai shafe su ba.

Ba wannan ne karon farko ba. A 2019 Pakistan ta rufe samaniyarta daga ƙarshen Fabrairu har tsakiyar Yuli. Maimaituwar lamarin na nuna cewa rufe samaniya ya zama makami mai sauƙin ɗauka, mai wuyar ajiyewa, domin babu gwamnatin da ke son a ce ita ce ta fara sassautawa. Muddin ba a zauna kan batun Kashmir ba, Delhi da Tashkent za su ci gaba da zama kusa a taswira, nesa a tikiti.