Mudun Ruwa a Duwatsun Ƙasar Sin

A kudancin ƙasar Sin, cikin lardin Yunnan, akwai waɗansu mutane da ake kira Hani, mazauna duwatsu. Kimanin shekara 1,300 ke nan kakanninsu suka soma sassaƙe jikin dutse suna mai da shi gonakin shinkafa, hawa bisa hawa kamar matakala, har a wani wuri hawan ya kai 3,000. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya, baƙi kuwa suka yi ta tururuwa suna ɗaukar hoto.

To, amma abin da ya cancanci a tsaya a duba shi ne yadda suke da ruwa. Kurmi yana can ƙololuwar dutse, shi ke riƙe ruwan sama, al'adarsu kuma ta hana a sare shi. Gari yana ƙarƙashin kurmi, gonaki ƙarƙashin gari, kogi can ƙasa. Ruwa yakan gangaro ta magudanai, ya ratsa gari, ya kwashi taki ya kai gonaki. Inda magudana ta rabu sai a gitta gungumen itace, a sassaƙa masa ƙofofi, wata mai faɗi wata ƙarama, gwargwadon gonar kowa, bisa yardar jama'a. Suna kuma naɗa mai tsaron magudana, ladansa shinkafa. Fatake sun sani, in mudu ya tabbata gardama ta ƙare a kasuwa. Gungumen nan mudun ruwa ne.

Abin tsoro shi ne samari sun koma neman kuɗi birni, domin jar shinkafarsu sau ɗaya ake girbe ta a shekara. Gonar da aka bari kuwa takan bushe, bakinta ya tsage, ya rufto kan ta maƙwabci na ƙasa.

A ƙauyen Azheke, cikin 2018, malaman jami'ar Sun Yat-sen da hukumar yankin suka shirya a riƙa ba mutanen gari kashi 70 cikin 100 na ribar da baƙi ke kawowa. Rabon nan ana kasa shi haka: 40 don riƙe gidan gargajiya mai jinka, 30 don noman gona, 20 don zama a garin, 10 don kasancewar sunan mutum a littafin gari.

Lalle shirin yana da hikima, gama ya ɗaure kuɗi da aiki. Sai dai an fifita jinka bisa gona, wannan kuwa da gyara. Jinka in ta ruɓe, kwana kaɗan an sake ta. Gona in ta rufta, sai an tara ƙarti da bajimai, ga wanda ya san hanyar ruwan wataƙila ya tsufa. Kamata ya yi manomi ya ɗauki kashi mafi tsoka, a kuma yanka wa mai tsaron magudana nasa dabam.