WASIƘAR AKAWU: Masu Kama Amon Kasuwa Su Mai Da Shi Kiɗa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina kamar yadda ka saba, gama yau ina da magana a kan wata sana'a wadda ta daɗe a ƙasashen waje, ga ta kuwa ta fara leƙo mu, ya kamata mu san kanta tun ba ta shimfiɗa tabarma ba.

Sana'ar ita ce wannan. Mutum ya ɗauki na'urar ɗaukar magana, ya tafi kasuwa, ko tashar mota, ko maƙera, ko bakin rijiya, ba don ya ɗauki waƙar wani mawaƙi ba, sai don ya kama amon wurin kansa, watau hayaniyar ciniki, da kukan jaki, da ƙarar guduma bisa uwar maƙera, da muryar yarinya mai talla. In ya komo gida sai ya zuba abin da ya kamo cikin kwamfuta, ya yayyanka, ya jejjera, ya mai da shi kiɗa sabo, har a buga shi a faifai a sayar. Na san wani zai ce, "Wannan ai aikin wanda ya rasa abin yi ne." To, ni ma ban ce dukan abin da su ke fitarwa ya ke da daɗin ji ba. Amma a yi haƙuri a ji asalin abin tukuna.

Mutane da yawa su kan ce Faransawa suka fara, alhali kuwa akwai wanda ya riga su, a nan Afirka ma. Cikin 1944 wani saurayi mutumin Masar, sunansa Halim El-Dabh, ɗalibin aikin gona a Alƙahira, ya aro wani inji daga gidan rediyo, irin mai ɗaukar magana a jikin siririyar waya ta ƙarfe, ya tafi da shi inda mata ke yin zar. Zar kuwa wani abu ne mai kama da borin ƙasarmu, 'yan'uwanmu mazauna Sudan sun san shi sarai. Shi da bakinsa ya ce sai da ya lulluɓe kansa kamar mace kana ya sami shiga. A riƙe wannan, za mu komo kansa. Da ya kai muryoyin gidan rediyo sai ya yi ta sarrafa su, ya ƙara musu amsa-kuwwa, ya rage wannan ya bar wancan, har suka zama wani amo dabam, ba ka iya tsintar kalma ko ɗaya a ciki.

Bayan shekara huɗu, watau 1948, wani injiniya na gidan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer, ya tafi wata tashar reluwe a Faris da a ke kira Batignolles, ya ɗauki usur na jiragen ƙasa, da hucinsu, da ƙarar ƙafafunsu bisa dogo. Ya haɗa su ya yi kiɗa na wajen minti uku, aka sa shi a rediyo ran 5 ga Oktoba na shekarar nan, tare da waɗansu guda huɗu, ɗaya ma har da ƙarar murfin tukunya a ciki. Shi a lokacin da faifan garmaho ya ke aiki, nan kuwa ya gano dabaru biyu waɗanda har yau a kansu sana'ar ta ke tsaye. Ta fari, in aka rufe layin faifai ya zama zobe, allura ba ta wucewa, sai ta yi ta zagayawa tana maimaita guntun amo ɗaya, abin da a ke ta maimaitawa kuwa kunne ya kan ɗauke shi kiɗa. Ta biyu, ya ga in aka yanke bugun farko na ƙararrawa aka bar jan muryarta kaɗai, ba mai cewa ƙararrawa ce, sai ka ce busa a ke yi. Haka kuma in aka rage gudun faifai da rabi, amon ya kan yi kauri, tsawonsa ya ninka, muryar yaro ta koma ta ƙato. Abin da ya ɗauke shi makonni, yau ɗan makaranta ya kan yi shi da wayar hannu kafin shayi ya huce.

A makarantar Mishan inda na yi karatu malaminmu na waƙa ya kan ce, abin da bai hau kan do-re-mi ba hayaniya ne kurum. Mutumin kirki ne, amma a nan ban bi shi ba, domin iyayenmu mata sun riga Bafaranshen nan gane cewa aiki yana da kiɗa. Duk wanda ya taɓa jin mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, wannan ta jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, waccan ta bugi gefen turmi don ado, ya san ba a bukatar kalangu a wurin. Haka masu bugu a mabuga, in sun sa baƙin rini a gaba, hannu yana bin hannu ba ya saɓawa. Har mu akawuna ba a bar mu a baya ba. Cikin 1975 wani Ba'amurke, James Koetting, ya ɗauki ma'aikatan gidan waya na Jami'ar Gana, kusa da birnin Ankara, suna buga hatimi a kan wasiƙu. Wannan ya mari wasiƙa, ya dangwali tawada, ya buga, wancan ya amsa masa, wani yana kaɗa almakashi, ga fito yana tafiya a sama. Su aikinsu su ke yi don yini ya yi sauri, amma yau a makarantun kiɗa na ƙasashe da yawa a kan sa wa ɗalibai faifan nan su saurara. Ni kam ban taɓa jinsa ba sai na dubi hatimin da ke kan teburina da wani ido.

To, jama'a, ga inda abin ya shafe mu. Mun saba cewa gani ya kori ji, saboda haka in gari zai sake kama, hotonsa mu ke ɗauka. Muna da hoton dalar gyada ta Kano, amma wa ya aje mana muryoyin 'yan dako da ke hawa da buhuna? Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kakanninmu sun yi shekaru suna tashi da usur na jirgi mai gawayi, yau sai dai labari. Ba sai an je nesa ba ma. Cikin Janairu 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, da safe ɗaya muryar birnin ta sake, yaron da aka haifa bayan nan bai san yadda titi ya ke ƙara a da ba. Injin niƙa ya kashe dutsen niƙa da waƙar da ke tafiya da shi. Inda aka haƙa burtsatse, ƙarar guga cikin rijiya ta ɗauke. Sa'ad da na kama aiki na tarad da tafireta guda biyu a ofishinmu, da 'yar ƙararrawarsu mai sanad da kai ka kai ƙarshen layi, yanzu suna can cikin sito ƙura ta rufe su. Amo ba ya barin kufai. Gida in ya rushe a kan ga tushensa, amma murya in ta ɗauke ba abin da za ka nuna wa jikanka.

Akwai ɗan ƙasarmu da ya farga da wannan. Emeka Ogboh, haifaffen Inugu, ya yi shekaru yana bin titunan Ikko da na'urarsa, yana kama kiran yaran motocin nan masu ruwan ɗorawa da a ke ce wa danfo, da masu talla cikin cunkoso, da rurin janareta. Ya kai amon Ikko garuruwan Turai ya sake shi a kan titi ta lasifika, har mutanen Nijeriya mazauna can su kan tsaya su waiwaya. Cikin 2021 kuma faifansa mai suna Beyond the Yellow Haze ya fito a Jamus, inda ya ɗora amon nan bisa kiɗan zamani. Ban ga abin da Ikko ta fi Kasuwar Kurmi da shi ba wajen murya, ko kasuwar shanu ta Potiskum, ko Sabon Garin Zariya da yamma. In kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, samarinmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta suna ta aron ganguna na Indiya da na Amurka, ga dukiya a ƙofar gidansu ba su duƙa sun ɗauka ba.

Amma fa akwai rami a hanyar, shi ne ma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Muryar da ka kama a kasuwa tana da mai ita. Ku ji abin da ya faru. Wani masani, Hugo Zemp, ya ɗauki wata mata a tsibirin Malaita, cikin Tsibiran Solomon, tana waƙar reno, aka fitar a faifan UNESCO cikin 1973 domin ilmi. Cikin 1992 waɗansu Faransawa biyu masu kiran kansu Deep Forest suka ɗauko muryarta, suka sa mata ganguna na inji, waƙar ta zaga duniya, aka sayar da faifai ba iyaka, har kamfanoni suka yi tallan kayansu da ita. Sunan matar bai fito a jikin faifan ba. Abin ma bai tsaya nan ba, mutane suka ɗauka waƙar mutanen kurmin tsakiyar Afirka ce, har wani mabushi na Norwe ya sake busa ta cikin 1996 da sunan haka. Ga shi an ɗauke mata murya, an kuma sake mata ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba wani abu ya ke nufi ba sai wannan.

Kwanan baya na ga ƙanen wannan da idona, a tashar mota da ke kusa da ofishinmu. Wani saurayi mai tsabta, da abin ji a kunnuwansa, ya miƙa wani makirufo mai gashi kamar ɓera a kan sanda, yana bin wata dattijuwa mai tallan fura a hankali, ita ba ta sani ba. Matar nan tana da wani irin kira mai ja, wanda duk ma'aikacin unguwar ya san shi, in ka ji shi ka san azahar ta yi. Da ta waiwaya ta gan shi sai ta ce, "Ɗan nan, lafiya?" Ya ce, "Ba kome, Iya, aikin makaranta ne." Ta ce, "To, in muryar ka ke so, ai ita ke sayar mini da furar, sai ka sayi furar." 'Yan kamasho suka fashe da dariya, shi kuwa ya naɗe kayansa ya wuce, ko ƙwarya ɗaya bai saya ba. Ni ban yi dariya ba, gama tsohuwar ta faɗi shari'ar duka cikin numfashi ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ambaci kayan gargajiya, amma wace mai fura ce za ta bar ƙwaryarta ta tafi kotu?

Sa'an nan akwai amon da ko an biya bai kamata a yanka ba. Cikin 1981 Brian Eno da David Byrne suka fitad da faifai mai suna My Life in the Bush of Ghosts, sunan kuwa daga littafin Amos Tutuola na 1954 suka aro shi. A ciki suka ɗora karatun Alƙur'ani na waɗansu mutanen Aljeriya bisa kiɗa. Wata majalisar Musulmi ta Ingila ta kai kuka, aka cire wannan yanki daga bugun da ya biyo baya. A ganina sun yi daidai da suka cire, da ma ba su fara ba. Haka na ke gani game da kiran salla, da addu'ar masu sujada a coci, da kukan gidan makoki, da abin da mata ke yi a cikin gida bayan sun tabbata ba namiji a kusa. Saurayin nan na Alƙahira ya buɗe wa duniya hanya, ban hana masa yabonsa ba, amma lulluɓin da ya yi ba abin koyi ba ne.

Saboda haka ga shawarata ga samarinmu da ke sha'awar wannan aiki, ina kuwa so su yi shi, su yi da yawa. Ka yi sallama kafin ka kunna na'ura. A kasuwa ka fara da sarkin kasuwa, a tasha da shugabannin tasha, gama hayaniyar taro ba ta kowa ba ce, amma wurin yana da masu shi. In murya ɗaya ce ta fito fili, ka nemi mai ita, ka gaya masa abin da za ka yi, ka sa masa ya ji, ku yi ciniki. Ka rubuta rana, da sa'a, da wuri, da sunan mai murya in ya yarda, yadda mu ke shigad da wasiƙa cikin rajista, domin amon da ba a san inda aka ɗauke shi ba kamar takarda ce marar kwanan wata. Kuma kada ka share na asali bayan ka yi kiɗanka. Kiɗan zamani ya kan tsufa cikin shekara biyar, amma sa'a guda ta Kasuwar Kurmi yadda ta ke, ba a taɓa ta ba, nan da shekara hamsin masana za su neme ta da kuɗi. Gidajen rediyonmu da jami'o'inmu su ya kamata su buɗe ma'aji inda za a riƙa kai irin wannan, kowa ya je ya ji kyauta.

Ina roƙon masu karatu, musamman dattawa, kowa ya rubuto wa Edita amo ɗaya da ya saba ji a garinsu sa'ad da ya ke yaro, wanda yanzu ya daina ji, ya faɗi garin da shekarar da ya yi masa jin ƙarshe in ya tuna. In wasiƙun sun taru zan jera su a wannan fili gari gari, wanda kuwa har yanzu da sauransa a wani ƙauye sai mu sanad da masu na'ura inda za su same shi.

Wasalam.

Ni ne naku,
Akawu.